Hayar Suna: Tarihin Shigar Finafinai Cikin Kayan Wasan Gini na Yara

1. GABATARWA

Daga cikin kayan wasan da masana'antu suke ƙera wa yara akwai wani rukuni da ya fita daban, watau kayan wasan gini. Irin waɗannan ba a sayar da su a haɗe. Abin da yaro yake tararwa idan ya buɗe kwali shi ne tarin guntaye, na ƙarfe ko na katako ko na roba, waɗanda shi da kansa zai harhaɗa su har su zama gida ko gada ko mota, sa'an nan in ya ga dama ya wargaza ya sake gina wani abu dabam. Duk wanda ya taɓa ganin yaran ƙasar Hausa sun duƙufa suna feƙe kara domin haɗa mota, ko suna yanka gwangwani suna ƙera motar langa-langa, ya riga ya san tushen wannan wasa: kayan aiki kawai ne a gaban yaro, siffa da suna da labari kuwa duk daga kansa suke fitowa.

Haka kayan wasan gini na Turawa suka kasance har kusan shekara ɗari. Amma wanda ya shiga babban kantin kayan wasa a yau zai tarar da kwalaye a jere ɗauke da sunayen finafinai, irin su Star Wars da Harry Potter da Batman, kowane kwali da hoton abin da ake so yaro ya gina, da sunayen mutanen da za su zauna a ciki. Wannan lacca za ta bi diddigin yadda wannan sauyi ya auku. Za a ga cewa doka tana da hannu a cikinsa fiye da yadda ake zato. Kamfanin da ya fi kowa girma a wannan sana'a, watau LEGO na ƙasar Denmak, ya wayi gari katangar da doka ta kewaye bulonsa da ita ta rushe, sai ya je ya yi hayar katangar wasu, watau sunayen finafinai, ya fake a bayanta. Hayar ta yi masa rana, amma ya biya ta da tsada, kuma wasan yara ma ya biya nasa kason.

2. ZAMANIN DA KWALI BA SHI DA LABARI

A shekarar 1901 wani akawu a birnin Liverpool na Ingila, mai suna Frank Hornby, ya yi rajistar wata dabara da ya ƙirƙiro domin 'ya'yansa. Dabarar kuwa ita ce 'yan siraran ƙarafa masu huda a jere, tazarar rabin inci tsakanin huda da huda, waɗanda ake ɗaure su da noti. A 1907 ya raɗa wa kayan suna Meccano. A Amurka kuma A. C. Gilbert ya fito da nasa mai suna Erector a 1913, bayan ya lura da ginshiƙan ƙarfe da ake kafawa a gefen layin dogo. Abin da yara suke ginawa da waɗannan kaya shi ne abin da idonsu yake gani a gari: gada, da injin ɗaga kaya na tashar jiragen ruwa, da injin tururi. Gwarzon wannan zamani shi ne injiniya, iyaye kuwa suna sayen kwalin ne da fatan ɗansu ya gaje shi.

Shi kuwa LEGO, wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a ƙauyen Billund. Ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aikin gini ya yi ƙaranci. A 1934 ya sa wa sana'arsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar a yi wasa da kyau. A 1949 kamfanin ya fara buga bulon roba, bisa samfurin da wani Bature ɗan Ingila, Hilary Page, ya riga ya fitar. Sai dai bulon farko ba ya kama juna sosai. Ɗan kafintan, Godtfred, shi ne ya magance matsalar ta hanyar sanya 'yan bututu a cikin bulon daga ƙasa, yadda 'yan ƙululun da ke saman wani bulon za su shige su matse. Ranar 28 ga Janairu, 1958, aka shigar da takardar neman haƙƙin wannan ƙirƙira. Bulon da aka buga a wannan shekara har yau yana kama wanda aka buga jiya. Wani malamin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya lissafa da kwamfuta cewa bulo shida kacal, masu ƙululu takwas-takwas, launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765.

Ba wai iyalan Christiansen ba su san hayar suna ba. A tsakiyar shekarun 1950 sun sassaƙa karen nan Pluto na Disney da katako, bisa izini. Haka kuma an ga sunayen gidajen mai na Esso da Shell a kwalayen bulo. To, amma gidan mai abu ne na kan titi, ba ya zuwa da labari. Ko a 1978, sa'ad da jikan kafintan, Kjeld Kirk Kristiansen, ya jagoranci fito da 'yan mutanen roba da ake zaunarwa a cikin gini, an yi musu fuska ruwan ɗorawa, ɗigo biyu a matsayin idanu, da ɗan murmushi. Ba su da suna, ba su da ƙabila. Akwai ɗan sanda, da barde, da ɗan sama-jannati, amma ko wane ne shi, ko me ya fito nema, wannan an bar wa yaro.

3. ASALIN HAYAR SUNA

Abin da ake nufi da lasin a nan shi ne izini a rubuce, wanda mai fim yake bai wa mai masana'anta domin ya yi amfani da sunan fim da siffofin mutanen cikinsa a kan hajarsa, zuwa wani wa'adi, a ƙasashen da aka ambata, bisa kuɗin da aka daidaita a kai. A taƙaice dai, hayar suna ce.

Walt Disney ne ya mai da wannan abu sana'a. A 1929 wani ɗan kasuwa ya ba shi dala 300 domin ya buga hoton ɓeran nan Mickey Mouse a bangon littafin rubutu na 'yan makaranta. Ba da daɗewa ba Disney ya damƙa harkar a hannun wani dillali, Kay Kamen, wanda ya baza hoton ɓeran a kan kaya iri-iri. Agogon Mickey na 1933 ya tsamo kamfanin Ingersoll daga bakin karyewa, haka kuma wani ɗan keken layin dogo mai Mickey ya taimaki kamfanin Lionel a 1934. Tun daga nan 'yan kasuwa suka gane cewa suna yana iya sayar da abin da ƙarfe da roba ba su iya sayarwa ba.

Babban juyi ya zo ne a 1977 da fim ɗin Star Wars. Mai shirya shi, George Lucas, ya haƙura da ƙarin ladan aiki daga kamfanin 20th Century Fox, ya riƙe haƙƙin ci gaba da labarin, tare da kaso a cikin kuɗin kayan da za a sayar da sunan fim ɗin, daga baya kuma ikon wannan harka ya dawo hannunsa. Manyan kamfanin ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a lokacin an saba ganin fim ya zo ya wuce kafin a gama ƙera kayan wasansa. Kamfanin Kenner na birnin Cincinnati ne ya karɓi lasin. Da fim ɗin ya karɓu fiye da tsammani, Kirsimeti ta zo Kenner bai shirya ba, sai ya sayar wa iyaye kwali wanda babu 'yar tsana ko ɗaya a cikinsa, sai takardar alkawarin za a aiko da guda huɗu ta gidan waya a shekara mai zuwa. Aka kuwa saya. Tsakanin 1978 da 1985 Kenner ya sayar da 'yan tsanan Star Wars kimanin miliyan 300.

Daɗin daɗawa, a zamanin Shugaba Reagan hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta Amurka ta sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara, musamman a 1984. Wannan ya buɗe ƙofa ga shirye-shirye irin su He-Man da Transformers, waɗanda aka tsara su tun farko domin sayar da kayan wasa. Duk wannan guguwa ta shekara ashirin LEGO yana gefe yana kallo, bai shiga ba, domin yana da katangar kansa.

4. BANGO YA TSAGE

Haƙƙin ƙirƙira yana da wa'adi gajere, galibi shekara ashirin. Hikimar dokar ita ce a bar mai ƙirƙira ya ci moriyar wahalarsa na ɗan lokaci, sa'an nan dabarar ta zama ta kowa. Daga 1978 haƙƙin bulon LEGO ya fara ƙarewa ƙasa bayan ƙasa. A Kanada na ƙarshe ya ƙare a 1988. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A shekarun 1980 kamfanin Tyco na Amurka ya fara buga bulo mai kama na LEGO, da araha. A birnin Montreal na Kanada kuma kamfanin Ritvik ya fito da Mega Bloks, wanda daga 1991 ya soma yin ƙananan bulo daidai da awon na LEGO.

LEGO ya garzaya kotu, ya gwada ƙofa bayan ƙofa. A 1988 kotun Privy Council da ke Landan, wadda ita ce matakin ƙarshe ga shari'o'in Hong Kong a lokacin, ta ƙi yarda cewa sake zana tsohon bulo da 'yan gyare-gyare ya isa ya haifar da sabon haƙƙin mallaka. A 2005 Kotun Ƙoli ta Kanada ta yanke cewa ba za a fake da dokar tambarin kasuwanci ba domin a tsawaita ikon da wa'adinsa ya ƙare. A 2010 babbar kotun Tarayyar Turai ta bi sahu, ta ce siffar da aikin abu ya tilasta ba ta zama tambari. Bulo dai ya zama na kowa.

Ana cikin haka wasannin lantarki irin su Game Boy na 1989 da PlayStation na 1994 suka shiga janye hankalin yara. A 1998 LEGO ya yi asara karo na farko a tarihinsa, ta kurona miliyan 194, ya sallami ma'aikata kimanin dubu. A wannan shekara ce kuma, ta 1998, majalisar Amurka ta tsawaita haƙƙin mallakar finafinai da makamantansu daga shekara 75 zuwa 95. Ga bambancin nan a fili: dabarar injiniya shekara ashirin, labarin mai fim kusan ƙarni guda. Kowa yana iya buga bulo, amma ba kowa yake iya buga Darth Vader a kan kwali ba sai wanda ya riƙe lasin.

5. SHEKARAR 1999

Shugaban reshen LEGO na Amurka, Peter Eio, shi ne ya dage a kan a ƙulla yarjejeniya da Lucasfilm, domin Lucas yana shirin fito da sabon kashi na Star Wars bayan shekara goma sha shida. A Billund shawarar ta gamu da tirjiya mai tsanani. Wasu manyan kamfanin sun ga cewa kalmar yaƙi da ke cikin sunan fim ɗin kanta ta saɓa wa tarbiyyar gidan, wanda ya daɗe yana ƙin ƙera kayan yaƙin zamani. Wasu kuma tsoronsu shi ne kada a miƙa wa baƙo linzamin abin da za a ƙera. Sai aka nemi ra'ayin iyaye a Amurka da Jamus, aka tarar mafi yawansu ba su ga aibu ba. Kjeld Kirk Kristiansen ya yanke hukunci, aka sa hannu a 1998.

A 1999 kwalayen farko suka fito, wasu daga tsofaffin finafinan, irin su jirgin X-wing, wasu daga sabon, The Phantom Menace, wanda aka fara nunawa a watan Mayu. Ciniki ya zarce duk abin da aka yi hasashe, kamfanin ya koma ga riba. A shekarar ce kuma aka fito da Winnie the Pooh na Disney a manyan bulon Duplo na ƙananan yara. A 2000 aka yi kwalin koyon shirya fim mai ɗauke da sunan Steven Spielberg, har da 'yar kyamara a ciki. A 2001 aka fito da kwalayen Harry Potter bisa lasin Warner Bros., a 2002 kuma Spider-Man. Ƙofar da aka rufe shekara hamsin ta buɗe gaba ɗaya cikin shekara uku.

6. YADDA YARJEJENIYAR TAKE AIKI

Ya kamata a ɗan tsaya a duba cikin irin wannan yarjejeniya, domin a nan ne ake gane wanda yake ɗauke da nauyi. Da farko akwai la'ada, watau kaso da mai fim yake karɓa daga farashin sari na kowane kwali. A wannan sana'a yakan kama daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, babban suna kuwa yakan wuce haka. Na biyu akwai kuɗin kafin alƙalami, da kuma wani adadi da mai masana'anta yake lamuncewa zai biya ko an sayar ko ba a sayar ba. Na uku, babu zanen da zai shiga masana'anta sai mai fim ya gani ya amince, tun daga launin riga har zuwa murmushin fuska.

Na huɗu, ana yanyanka lasin ne kamar filin gona. Alal misali, haƙƙin 'yan tsanan Star Wars yana hannun Hasbro, wanda ya gaji Kenner a 1991. Abin da LEGO ya riƙe shi ne kayan gini. Wannan ne dalilin da ya sa ba a sayar da 'yan mutanen Star Wars na LEGO su kaɗai, sai tare da abin ginawa komai ƙanƙantarsa. Na biyar, haya tana da wa'adi, kuma tana iya komawa hannun kishiya. Spider-Man ya bar LEGO bayan 2004 ya koma Mega Bloks, sai a 2012 ya dawo. Pirates of the Caribbean kuwa a Mega Bloks ya fara a 2006, ya koma LEGO a 2011. Har ma akan ga kishiya ta yi haya a wurin kishiya: Hasbro ya fito da nasa bulon mai suna Kre-O a 2011 domin Transformers, amma a 2022 ya bai wa LEGO lasin gina Optimus Prime.

Abu na ƙarshe shi ne kasada. Tsara kwali da sassaƙa ƙarafan da ake zuba roba a cikinsu yana cin shekara ɗaya ko fiye, saboda haka masu zane suna aiki ne da hotunan asiri tun kafin a gama fim. In fim ya faɗi, kaya suna hannun mai masana'anta. Haka ta faru da Prince of Persia a 2010 da The Lone Ranger a 2013, waɗanda kwalayensu ba su wuce fitowa ɗaya ba.

7. ABIN DA YA CANZA A CIKIN KWALI

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Canji na farko ya shafi guntayen kansu. Ƙarfin tsarin Godtfred shi ne guntu ɗaya ya yi aiki dubu. Amma fim yana neman kamanni. A 1999 aka zuba kai na musamman domin Jar Jar Binks, karo na farko ke nan da aka bar kan nan mai siffar ganga da aka saba. Kan Jar Jar ba ya zama komai sai Jar Jar.

Canji na biyu ya shafi launin fata. An zaɓi ruwan ɗorawa ne domin kada ɗan mutumin ya zama na wata ƙabila. A farko haka aka yi Luke Skywalker da Harry Potter. Amma a 2003 aka zo kan Lando Calrissian, wanda baƙar fata ne a fim, da kuma 'yan wasan ƙwallon kwando na Amurka, sai aka yi su da launin ƙasa-ƙasa. Nan tambaya ta taso: in Lando baƙi ne kusa da Luke mai ruwan ɗorawa, ashe ke nan ruwan ɗorawa farar fata yake nufi tun can? Daga 2004 kamfanin ya raba gardama, ya ce duk mutanen finafinai za su ɗauki launin fatar 'yan wasan da suka fito a matsayinsu, ruwan ɗorawa kuwa ya tsaya ga mutanen gida marasa suna.

Canji na uku makamai ne. Takobi da mashi sun shigo tun 1978 tare da barade, bindigar toka kuma tare da 'yan fashin teku a 1989. Amma finafinai sun faɗaɗa ƙofar. A kwalayen Indiana Jones na 2008 an ga sojojin Jamus da bindigogi, illa dai an cire musu tambarin 'yan Nazi. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Canterbury ta New Zealand, aka buga a 2016, ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na kwalayen LEGO na lokacin suna ɗauke da makami.

Canji na huɗu shi ne, wanda ya yi hayar labari ya yi hayar har da abin da ke ƙunshe a cikinsa. A 2013 wata ƙungiyar Turkawa mazauna Ostiriya ta yi ƙorafi a kan kwalin fadar Jabba, wani mugun sarkin 'yan fashi a Star Wars. Sun ce ginin, da ƙubbarsa da hasumiyarsa, ya yi kama da Aya Sofiya ta Santambul, kuma zai cusa wa yara mummunan zato game da mutanen Gabas. LEGO ya amsa cewa ginin da ke cikin fim ya kwaikwaya, ba wani wurin ibada ba, kuma dama an tsara janye kwalin a ƙarshen shekarar. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abin lura shi ne kamfanin ya tsinci kansa yana kare hoton da wani ya zana tun 1983.

Har ila yau, a da akan buga hotunan wasu abubuwa dabam da za a iya ginawa a bayan kwali, domin a zaburar da yaro. A hankali wannan al'ada ta ja baya, ɗan littafin bayani mai matakai ya zama shi ne jagora. Sai dai adalci ne a faɗi cewa yara ba sa bin doka a wasa. Da yawansu sukan gina abin da ke hoto sau ɗaya, sa'an nan su zube guntayen cikin sauran.

8. ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Wanda ya jera lissafin LEGO kusa da jadawalin gidajen sinima zai ga abin mamaki. A 1999 akwai fim, aka ci riba. A 2000 babu, aka yi asara. A 2001 da 2002 Harry Potter ya fito sau biyu, Star Wars sau ɗaya, aka ci riba. A 2003 babu ko ɗaya daga cikinsu, ciniki ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, aka yi asarar kurona biliyan 1.4 kafin haraji. A 2004 ko da Harry Potter na uku ya fito, asarar ta kai biliyan 1.9. Wannan ya nuna cewa cutar ta riga ta yi nisa a cikin gida, kuɗin finafinai lulluɓe ta kawai suka yi. Kamfanin ya bazu cikin wuraren shaƙatawa da tufafi da shirye-shiryen talabijin, nau'o'in guntayensa sun haura dubu goma sha biyu, kuma ba a san takamaiman abin da kowane kwali yake ci ba.

A ƙarshen 2004 aka naɗa Jørgen Vig Knudstorp, yana da shekara talatin da biyar, ya shugabanci kamfanin, alhali shi ba ɗan gida ba ne. Ya sayar da wuraren shaƙatawa na Legoland a 2005, ya rage nau'o'in guntaye kusan da rabi, ya mai da hankali ga tsofaffin jigogi irin su gari da 'yan kwana-kwana. Bai yar da lasin ba. Batman ya shigo a 2006, Toy Story a 2010, jaruman Marvel da The Lord of the Rings a 2012, aka kuma sabunta yarjejeniyar Star Wars na shekara goma a 2012. Abin da ya canza shi ne an daina jingina gida kacokan a kan dokin wani. An kuma koyi darasi daga Lucas, watau mallakar labari. Bionicle na 2001, wanda labarinsa na LEGO ne, babu la'adar da ake biya a kansa, ya riƙe kamfanin a shekarun ƙunci. Ninjago na 2011 ya zo da shirinsa na talabijin.

9. ƊAN HAYA YA ZAMA MAI GIDA

Daga 2005 al'amarin ya ɗauki wani salo. Wasan kwamfuta na LEGO Star Wars ya sa yara da yawa suka fara sanin labarin ta hanyar bulo kafin su ga fim ɗin. A 2014 Warner Bros. ya fito da The LEGO Movie, wanda ya tara fiye da dala miliyan 460 a gidajen sinima. A nan LEGO ne mai bayar da suna. Abin ban sha'awa kuma, jigon fim ɗin shi ne saɓani tsakanin uba mai son a manne gini da gam ya zauna yadda littafin bayani ya ce, da ɗansa mai son ya wargaza ya haɗa yadda ya so. Watau kamfanin ya ɗauki sukan da ake yi masa ya mai da shi fim, ya kuma sayar da kwalayen fim ɗin da littattafan bayaninsu. A rabin farko na wannan shekara cinikin LEGO ya zarce na Mattel, wanda a shekarar ne ya sayi Mega Brands.

Masu saye ma sun canza. Yaran 1977 sun girma sun zama masu albashi. Dominsu aka yi jirgin Millennium Falcon na 2017, mai guntaye 7,541, a kan dala 800, abin da ake ginawa sau ɗaya a ajiye a falo. A ɓangaren masu finafinai kuwa, Disney ya sayi Pixar a 2006, da Marvel a 2009, da Lucasfilm a 2012 a kan dala biliyan huɗu, ta yadda manyan sunaye da yawa suka taru a hannun mai gida ɗaya. Su kuma masu kwaikwayo sun gane inda daraja take. Kamfanin Lepin na ƙasar Sin bai tsaya ga buga bulo ba, wanda doka ta halatta; kwalayen ya riƙa kwafa gaba ɗaya, har da na Star Wars. A 2019 'yan sanda suka kai samame masana'antarsa, a 2020 kotu a Shanghai ta ɗaure shugabansa shekara shida.

10. KAMMALAWA

Tarihin nan ya nuna cewa a kasuwar zamani mai labari ya fi mai dabara daɗewa yana cin moriya. Ɗalibin shari'a da ma'aikacin da ke tsara dokokin ciniki za su tarar da irin wannan tazara a dokokin Nijeriya ma, inda haƙƙin ƙirƙira yake ƙarewa bayan shekara ashirin, na fim kuwa sai bayan hamsin. Masu shirya finafinai kuma suna da abin dubawa a cikin sharaɗin da Lucas ya riƙe sa'ad da manyansa suke ganin ba shi da amfani. Game da yara, ribar a fili take: lasin ya taimaka kayan wasan gini suka rayu a zamanin kwamfuta, suka kai ga gidajen da ba za su kai ba. Abin da aka rasa ya fi wuyar aunawa, domin ba ya shiga littafin akawu, watau wannan ɗan mutum mai fuskar ruwan ɗorawa wanda yake jiran yaro ya raɗa masa suna.

Bulon Godtfred ya zama na kowa tun shekarun 1980. Mickey Mouse na farko, na 1928, sai a ranar 1 ga Janairu, 2024, ya fita daga hannun Disney a Amurka. Star Wars na 1977 kuwa, in doka ba ta sake canzawa ba, sai farkon 2073. Yaron da ya buɗe kwalin X-wing a 1999 yana ɗan shekara takwas, in Allah ya ja kwanansa, zai haura tamanin kafin a daina biyan haya a kan jirgin da ya gina.